Kulle Ƙofa Ba Ya Tsare Tsohon Wurin Ibada

Ranar 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta kama rufin cocin Notre-Dame da ke birnin Faris, duniya tana kallo ta talabijin har doguwar hasumiyar tsakiyarta ta karye ta faɗa cikin wuta. Tun toka ba ta huce ba attajirai da kamfanoni suka shiga rige-rigen alkawari, aka tara sama da Yuro miliyan 800, kuma a watan Disamba na 2024 aka sake buɗe cocin. Madalla da wannan. Sai dai a shekarun nan biyar da aka kwashe ana gyaran gini ɗaya, ƙananan coci-coci da masallatai da majami'un Yahudawa da haikalai a ko'ina cikin duniya sun ci gaba da mutuwa irin wadda kyamara ba ta ɗauka. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, katako ya jiƙe ya ruɓe, gara ta samu hanya. Da yake babu harshen wuta, babu wanda ya yi musu gangamin neman taimako.

A ganina tsohon wurin ibada yana buƙatar abu biyu kafin komai: ƙafafun da ke shiga cikinsa kullum, da 'yar hanyar kuɗi wadda ba ta yankewa. Duk dabarar da za ta kawo waɗannan biyun ba tare da ta wulaƙanta wurin ba, ina bayanta, ko da kuwa za ta kai ga buɗe ɗakin karatu ko ɗakin shan magani a gefen inda ake sujada. Lokacin yin hakan kuma shi ne tun jama'a suna nan, kafin a kai ga sa kwaɗo a ƙofa.

Kowane magini ya san ruwa ne babban abokin gabar gini. Na dutse ne, na bulo ne ko na ƙasa, labarin ɗaya ne, saurin ɓarnar ne kawai ya bambanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ido ne maganin ruwa. Ladanin da ke buɗe ƙofa da asuba, ko tsohuwar da ke share coci ranar Asabar, su ne ke fara lura cewa tabon danshin da ke bango ya ƙara faɗi. In suka yi magana aka hau aka gyara, aikin yini ɗaya ne. In kuwa wurin a kulle yake, tabon nan sai ya yi shekara biyar ba a gan shi ba, ranar da za a gani kuma itacen da ke riƙe da rufi ya riga ya tafi. Mutanen Holan sun gane haka har suka kafa ƙungiya a 1973 mai suna Monumentenwacht, wadda aikinta ke nan: ma'aikata su riƙa zuwa da tsani a kai a kai, su hau rufi, su share indararo, su mayar da abin da ya goce, su rubuta wa masu gini abin da suka gani. Aiki ne marar armashi da ba a kiran 'yan jarida a kansa, amma babu kwangilar da ta kai shi araha. Masana adana gine-ginen tarihi ma sun rubuta wannan tun 1964 a yarjejeniyarsu ta birnin Venis na Italiya, inda suka yarda cewa amfani da tsohon gini don wata maslahar jama'a yana taimakawa wajen adana shi, muddin ba a ɓata fasalinsa da adonsa ba.

To amma wurin ibada ba tsohuwar tashar jirgin ƙasa ba ce. Mai imani zai ce wurin nan an keɓe shi ga Allah, ba a gina shi don a mai da shi zauren taro ba. Ban ɗauki wannan magana da wasa ba. A nan aka ɗaura wa wasu aure, a nan aka yi wa iyayensu addu'ar ƙarshe, kuma duk wanda ya zo da zanen kwamfuta yana maganar "sabon amfani" ba tare da ya ji nauyin wannan ba, bai cancanci a ba shi mabuɗi ba. Sai dai amsar tana cikin tarihin addinan kansu.

Masallacin Annabi (SAW) a Madina bai taɓa zama wurin da ake buɗewa minti goma a rufe ba. A gefensa Ahlus-Suffa suke kwana, talakawan da ba su da gida, suna karatu. A cikinsa aka kafa tantin da Rufaida take jinyar masu rauni, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A cikinsa mutanen Habasha suka yi wasan mashi ranar idi. A nan ake karɓar baƙin wakilai, a nan ake shawara. An hana ciniki da cigiyar abin da ya ɓace a cikinsa, wannan gaskiya ne, kuma iyaka ce da ta kamata a kiyaye. Amma iyakar ta bar fili mai faɗi a bayanta. Coci-cocin Turai na zamanin da ma haka suke: tsakiyar coci ita ce babban ɗakin da ƙauye yake da shi, a nan ake taro, a nan ake fakewa in yaƙi ya zo, gidajen masu zuhudu kuma su ne asibitoci da makarantun lokacin. Wurin ibadar da ke kulle kwana shida a mako, ko wanda babu kowa cikinsa tsakanin salla da salla, shi ne sabon abu a tarihi.

Inda na fi son a tsaya a duba da kyau shi ne yadda mutanen da suke biyan kuɗin waɗannan wurare. Masallacin Sulaimaniyya na Istanbul, wanda babban magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, yana tsakiyar wata unguwa ce guda da aka tsara tare da shi: makarantu, makarantar koyon likitanci, asibiti, gidan da ake dafa abinci ana raba wa mabukata, masaukin baƙi, gidan wanka, da jerin shaguna. A Alƙahira, Sarki Ƙalawun ya haɗa asibiti da makaranta a gini ɗaya wajen 1285. Ba don ado aka yi shagunan da gidan wankan ba. Waƙafi ne. Kuɗin hayarsu, da abin da gonakin da aka yi waƙafinsu ke bayarwa, shi ke biyan liman da ladan da mai shara, shi ke sayen man fitila, shi ke gyara rufi. Wanda ya yi waƙafin ya san zai mutu, ya san 'ya'yansa za su iya talaucewa, ya san sarautar da ta ɗaure masa gindi za ta iya faɗuwa. Saboda haka ya ɗaura ginin a jikin wani abu da ke haihuwar kuɗi kowane wata. Ciniki yana bayan bango, ribarsa tana shigowa ciki. Mu yau muna ta taron ƙara wa juna sani a kan "ɗorewa", alhali mutanen nan sun rubuta ta a takardar waƙafi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har da albashin mai share harabar.

Wasu coci-cocin Ingila sun komo kan wannan hanya, ko da yake tilas ce ta komo da su. Masu zuwa ibada sun ragu, gine-ginen kuwa manya ne, ɗumama su kaɗai da sanyi ya isa ya cinye abin da ake tarawa ranar Lahadi. A unguwar West Hampstead ta Landan, da gidan wayar unguwar ya tashi rufewa, sai cocin St James ta buɗe masa wuri a cikinta a 2014, aka ƙara da wurin shan shayi da wurin wasan yara, ribar kuma ana amfani da ita wajen ba mutanen da bashi ya yi wa katutu shawara kyauta. Har yanzu ana ibada a wurin. Ban ce kowa ya kwaikwayi wannan daidai wa daida ba. Musulmi ba zai sa kanti a sahun salla ba, bai kuma kamata a nemi ya yi ba. Amma masallaci yana da haraba, yana da ɗakunan gefe, yana da bangon waje da ke fuskantar titi. Ajin yaƙi da jahilci, ɗakin karatu, wurin sasanta rigima, ɗakin rigakafin yara, shagunan haya a bayan bango, duk suna da wurin zama ba tare da an taɓa alfarmar mihirabi ba. Kowane addini ya san inda layinsa yake, kuma masu ibada a wurin ne ya kamata su ja shi, da su da malamansu. Masanin gine-gine aikinsa ya faɗi abin da bango zai iya ɗauka.

Matsalar ta fi tsanani inda jama'ar suka ƙare ƙaf. A birnin Maastricht na Holan akwai cocin 'yan ɗariƙar Dominikan da aka gina a ƙarshen ƙarni na 13. Bayan da sojojin Faransa suka ci birnin a 1794, sai ta daina zama wurin ibada. Ta zama sito, ta zama wurin baje koli, har wurin ajiye kekuna an mai da ita. A 2006 aka buɗe kantin littattafai a ciki. Abin da ya burge ni a aikin shi ne ba a huda bango ba. An kafa wani dogon kantan ƙarfe mai hawa-hawa da ke tsaye da ƙafarsa, wanda in an ga dama gobe za a kwance shi a fita da shi, coci ta koma yadda take. Wannan ƙa'ida, wato duk abin da ka ƙara ya zama mai yiwuwar cirewa, ita ce ladabi mafi girma da mai gyara zai nuna wa waɗanda suka riga shi da waɗanda za su biyo bayansa, domin babu wanda ya san ko nan da shekara hamsin unguwar za ta sake neman wurin ibada. Akwai dai abin da ban so ba: an ajiye teburin shan kofi mai siffar gicciye a daidai inda da ake gudanar da ibada. Ga mai zane, basira ce. Ga Kiristan da ya shigo, ina jin tamkar zolaya ce.

Daga nan kuma akwai gangara. An mai da tsofaffin coci-coci mashaya da gidajen rawa a Turai da Amurka, an yanyanka wasu an mai da su gidajen alfarma na masu hannu da shuni. Dokar Cocin Katolika ta yarda a mai da cocin da aka daina amfani da ita ga amfanin duniya, da sharaɗin kada ya zama na ƙazanta, kuma a 2018 fadar Batikan ta fitar da jagora da ke fifita ayyukan ilimi da al'adu da taimakon mabukata a kan na neman riba. Ni har gidajen alfarmar ma ina da ja a kansu, ko da babu abin kunya a cikinsu. Ginin da talakawa suka tara kuɗi suka gina, wanda kowa ke da ikon shiga, an mai da shi falon mutum ɗaya. Bangon ya tsira, amma jama'a sun yi hasarar ɗakinsu. In da zaɓi, abin da ya fi shi ne wata jama'ar masu ibada ta karɓa. A titin Brick Lane na gabashin Landan akwai ginin da Furotestan 'yan gudun hijira daga Faransa suka gina a 1743. Daga baya ya zama na 'yan Metodis, a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama majami'ar Yahudawa, tun 1976 kuma masallacin Juma'a ne na mutanen da akasarinsu asalinsu Bangaladash. Kowace al'umma ta zo, ta yi zamaninta, ta ƙaura, ta bar wa ta bayanta ba tare da takobi ba. Wannan daban yake da labarin Aya Sofiya ta Istanbul ko babban masallacin Ƙurɗuba na ƙasar Sifen, waɗanda cin yaƙi ne ya sauya hannunsu, shi ya sa har yau ake jayayya a kansu.

Ba ko'ina ne rashin jama'a ke kashe gini ba. A wurare da yawa yawansu ne. Sahu ya cika har waje, sai wani mai kuɗi ya ce zai gina sabo, babba, na kankare da tayil, da sharaɗin a rushe tsohon. Cikin mako guda katafila ta share abin da ya yi shekara ɗari ko fiye, kowa yana murna, domin a idon mutane da yawa ginin ƙasa alamar talauci ce. Ƙauyen Dandaji na jihar Tawa a Nijar ya nuna akwai wata hanya. Tsohon masallacinsu aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacin da ya gina a ƙauyen Yama na wannan jiha ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da ya tsufa aka buƙaci sabo, sai masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, suka tsara sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu da wurin koyo. An kira maginan da suka yi aikin farko suka sa hannu, aka kammala a 2018. Mata da yara da a da ba su da dalilin shiga wurin, yanzu suna da shi. Na san malaman fiƙihu sun saɓa a kan sauya masallaci zuwa wani abu. Malikiyya da Shafi'iyya sun tsananta, Hambaliyya sun sassauta idan maslaha ta bayyana, suna kafa hujja da umarnin Sayyidina Umar na a ɗauke masallacin Kufa zuwa wani wuri, inda tsohon filin ya zama kasuwar dabino. Amma ko a wajen mai tsanantawa, ina ganin karatu a cikin tsohon masallaci ya fi kusa da manufar wanda ya gina shi a kan katafila.

Wani lokacin kuma ƙauna ce ke yin ɓarnar. Masallacin Larabanga da ke arewacin Gana an shafe shi da siminti a shekarun 1970 da niyyar a ƙarfafa shi. Siminti ba ya barin bangon ƙasa ya fitar da danshi, sai ruwa ya taru a ciki, itacen ya ruɓe, gara ta samu abinci, har wani sashe ya rushe. Sai a farkon shekarun 2000 aka kankare simintin aka koma ga yaɓen ƙasa. Haka siminti ke yi wa tsofaffin bangayen dutse da aka gina da farar ƙasa a Turai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga shi kuma masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama, saboda haka duk bangon da aka gyara maimakon a rushe a sake, an rage wa duniya wani nauyi.

Babban masallacin Jenne na ƙasar Mali shi ne ya fi koya mini yadda abin yake da sarƙaƙiya. Ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, hukumar UNESCO kuma ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Kowace shekara mutanen gari suna fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yi masa yaɓe, itatuwan giginyar da suka leƙo daga bangon su ne matakalar magina. A nan yaro ke koyon sana'ar daga ubansa, wato abin da ake adanawa ya haɗa da hannun da ya iya aikin. Amma yaɓe a kan yaɓe shekara da shekaru ya tara wa ginin nauyin da ya wuce kima, kuma a ƙarshen 2009 saman wata hasumiya ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. Ke nan ana buƙatar masana. To amma a 2006, da mutanen gari suka hangi wasu baƙi a kan rufin masallacin suna dube-dube ba tare da an yi musu gamsasshen bayani ba, tarzoma ce ta tashi a garin. Masanan suna da gaskiya a kan nauyin rufi, mutanen gari suna da gaskiya a kan cewa masallacin nasu ne. Aikin bai tafi daidai ba sai da aka zauna da maginan garin aka yi shi da hannunsu.

Kada kuma a rataya rai ga 'yan yawon buɗe ido. Kaɗan ne daga cikin gine-ginen nan za su taɓa ganin baƙo mai kyamara, waɗanda ke ganinsu ma annoba ɗaya ko rikici ɗaya ya isa ya ɗauke su, kamar yadda aka gani a Mali tun 2012, da duniya baki ɗaya a 2020.

Saura maganar wa zai biya inda babu jama'a, babu mai haya, babu baƙo. A Faransa, dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati ta bar mallakar tsofaffin coci-cocin unguwa a hannun ƙananan hukumomi, ga shi ƙauyen da mutanensa ba su wuce ɗari biyu ba an bar shi da ginin dutse na ƙarni na 12. A Ingila an kafa wata amintacciyar hukuma a 1969, wadda yau ake kira Churches Conservation Trust, tana riƙe da coci-coci fiye da 350 da aka daina ibadar yau da kullum a cikinsu, gwamnati da coci da masu ba da gudummawa suna haɗa mata kuɗi. Har kwana ana biya a yi a wasunsu don a samu na gyara. A 2001 kuma gwamnatin Birtaniya ta fara mayar wa wuraren ibada na tarihi harajin da suke biya a kan aikin gyara. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma ba za su ishi kowane gini ba, wasu za su tafi, kuma gara a zaɓi waɗanda za a bari a bainar jama'a, bayan an auna su an ɗauki hotunansu an ajiye, da a bar ruwan sama ya yi zaɓin.

Masu kuɗin da ke son sunansu a jikin sabon gini su ne nake ganin ya kamata a fi matsa wa. Duk hukumar da ke ba da izinin gini ko tallafin gyara tana iya gindaya sharaɗi cewa wani kaso na kuɗin a ware shi a matsayin waƙafi ko asusun kula da gini, a rubuce, da sunan waɗanda za su riƙa duba shi da lokacin da za su ba jama'a bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ya iya biyan kuɗin hasumiya, jerin shaguna huɗu a bayan bango ba za su gagare shi ba.